Kamfanin beli, biya a kotu ko jiran lauya: wanne zaka bi in an kama maka ɗan'uwa a Amurka?

Wannan magana ta 'yan'uwa mazauna Amurka ce, da kuma iyayen da ke gida waɗanda ake bugo wa waya cikin dare a ce an kama yaro a san yadda za a yi. Sana'ar beli irin wadda kamfani zai tsaya wa mutum a kotu ya caji kuɗinsa, ƙasa biyu ce a duniya ta yi ƙarfi a cikinsu, Amurka da Filifin, shi ya sa wanda ya taso a Kano ko Maraɗi ko zangon Kumasi in ya ji an ce beli sai hankalinsa ya tafi ga wanda ya sani, wato a nemo dattijo mai mutunci ko ma'aikacin gwamnati mai matakin albashi kaza da takardar fili ya sa hannu a tafi gida. Toh nan kasuwa ce, da lasisi da kamfanin inshora a bayanta, kuma mutumin da ke bayan tebur ɗin ba don Allah ya buɗe shagonsa har ƙarfe uku na dare ba.

Abin da ya sa nake wannan rubutu, ƙanen wani abokina da muke unguwa ɗaya a Bronx ta birnin New York, direban tasi ne, rigima ta haɗa shi da fasinja har aka ji rauni, 'yan sanda suka tafi da shi. Washegari aka kai shi gaban alƙali, alƙali ya yanka beli kala uku: dala 10,000 kuɗi a hannu, ko dala 20,000 ta hanyar kamfani, ko dala 20,000 da za a ajiye kashi goma cikin ɗari a kotu. Abokina ba abin da ya shiga kunnensa sai dubu goman nan, ya san ba shi da ita, matar yaron na kuka a baranda da goyo a baya, kawai sai ya fito ya bi titi na 161 inda shagunan beli suke jere da fitilunsu, ya faɗa na farkon da ya gani. Ya biya dala 1,460 la'ada, ya ajiye wata 2,000 a matsayin jingina, ya sa hannu a takardu wajen shafi goma da bai karanta ko ɗaya ba. Bayan wata bakwai aka kori ƙarar. La'adar nan ta bi shanun sarki, jinginar ma sai da ya yi ta sintiri kafin a maido masa. Da dala 2,000 ɗin nan kotu ya kai wa, ta hanya ta ukun da alƙali ya faɗa, da kuɗinsa sun dawo cif. Ba wanda ya cuce shi fa, duk abin da aka karɓa bisa doka ne, gaggawa ce kawai ta ci masa kuɗin hayar wata guda.

Abubuwan da zaka auna

Na farko nawa zaka fitar yau, a daren nan ko gobe da safe. Na biyu, wanda mutane suka fi mantawa, nawa ne zai dawo maka in shari'a ta ƙare. Na uku sauri da sauƙi, don kwana ɗaya a gidan yari ba wasa bane, mutum zai iya rasa aikinsa in ya yi kwana uku bai je ba, mai tasi kuma kuɗin hayar mota na ta hawa kansa ko ya fita ko bai fita ba. Na huɗu ɗorewa, wato belin zai riƙe har ƙarshen shari'a ko akwai wanda zai iya janye shi ko ya sake cajinka in an shiga sabuwar shekara, don shari'ar babban laifi a nan tana iya kai shekara ɗaya har biyu. Na biyar, kuma a wurina shi ne babba, me zai hau kan wanda ya sa hannu in wanda aka yi wa belin ya ƙi zuwa kotu.

Sannan kafin komai ka san a wace jiha aka kama shi, don kowace jiha da nata tsarin. Illinois ta soke belin kuɗi gaba ɗaya tun 18 ga Satumba 2023, alƙali ne zai ce a saki ko a tsare, shikenan, saboda haka in wani ya bugo maka ya ce ɗanka na Chicago ka turo kuɗin beli ka san ɗan damfara ne. Kentucky da Oregon da Wisconsin ba a yarda da kamfanin beli ba sam. New Jersey tun Janairun 2017 kusan ta daina yanka belin kuɗi. New York daga farkon 2020 ta cire beli a yawancin ƙananan laifuka da manyan da ba na tashin hankali ba, duk da an yi ta yi wa dokar kwaskwarima daga baya. Amma Texas da Florida da Georgia da Kalifoniya kasuwar na nan tana ci sosai. Kotun tarayya kuma nata daban ne, da wuya ka ga kamfani a ciki.

Hanya ta farko: a jira a ga alƙali, lauya ya nemi saki ba kuɗi ko a rage

Wannan ita ce mafi arha kuma ita ce ta fi wuyar haƙuri. A wurare da yawa, irin su Kalifoniya da wasu ƙananan hukumomin Texas, akwai jadawalin da aka riga aka rubuta, laifi kaza beli kaza, tun kafin a ga alƙali, kuma kamfanoni na son ka biya a kan wannan jadawalin tun da dare don shi ya fi tsoka. Alhali in ka daure zuwa lokacin da za a gurfanar da shi, wanda a New York yawanci cikin awa 24 ne, a sauran wurare kuma kwana biyu ne ko ya ɗan ɗara in an haɗa da ƙarshen mako, lauya na iya sa a sake shi bisa alkawarin zai dawo, ko a sake shi da sharaɗin yana zuwa yana nuna kansa a wani ofis, ko a rage belin rabi. In ba ku da kuɗin lauya kotu za ta ba shi na kyauta, kuma kar ka raina su, a Bronx ƙungiyoyi irin su The Bronx Defenders da Legal Aid Society aikinsu kenan kullum, sun san alƙalan sun san masu gabatar da ƙara.

Aikinka a nan shi ne ka je kotun da jikinka, ka samu lauyan kafin a kira ƙarar, ka ba shi abin da zai riƙe: takardar albashi ko shaidar wurin aiki, takardar haya mai adireshi, yawan 'ya'ya, shekarun da ya yi a unguwar. In limaminku ko shugaban ƙungiyar garinku zai zo ya zauna a benci alƙali ya ga mutum na da jama'a, yana taimakawa ƙwarai. In Turancinsa ba ƙarfi ku nemi tafintan Hausa, kyauta ne. Kuɗi babu, haɗari a kanka babu, illarta kawai zai kwana ɗaya ko biyu a ciki, kuma ba tabbas alƙali zai yarda.

Kuma dan Allah in ya bugo daga gidan yari kar ku tsaya tambayarsa me ya faru, wa ya fara dukan wani. Ana naɗar wayar nan, kuma yin Hausa ba zai ɓoye komai ba, su ma suna da masu fassara.

Hanya ta biyu: biyan kuɗin duka a kotu

In alƙali ya ce 10,000 ka kai 10,000, a ba ka rasit, a sake shi cikin wasu awanni. In ya halarci duk zaman kotu, ko an same shi da laifi ko ba a same shi ba, kuɗin na dawowa, don beli ba tara bane, ajiya ce ta tabbatar zai dawo. A birnin New York in an kori ƙara ko an wanke shi duka ake maidowa, in an same shi da laifi ana iya cire kashi 3 cikin ɗari, wato a 10,000 dala 300 ce za ta iya tafiya. Wasu jihohin kamar Florida kotu na iya cire tara da kuɗin kotun da ake bin sa daga cikin ajiyar ko da kuɗinka ne ba nasa ba, wannan ka tambayi akawun kotu tun kafin ka miƙa.

A lissafin ƙarshe tana cikin mafiya arha, ba wani kamfani a tsakani, ba mai bugo maka waya duk mako, kuma iyakar asararka in abu ya ɓaci ita ce abin da ka ajiye, ba za a bi ka gida a ce ka ƙaro ba. Matsalar a bayyane take, waye a cikinmu ke da dubu goma ajiye da zai iya rabuwa da ita shekara guda? Kuɗin na kulle har shari'a ta ƙare, bayan ta ƙare ma cek ɗin sai ya ɗauki makonni.

Mu dai abin da muka saba shi ne karo-karo, a yi sanarwa a masallaci bayan Juma'a ko a zauren WhatsApp na 'yan gari, ko mai kwasar adashi na wannan watan ya haƙura ya bayar. Yana aiki kuma na ga ya yi aiki, amma akwai abu biyu. Cek ɗin maidowa da sunan wanda ke kan rasit yake fita, mutum ɗaya, saboda haka a zaɓi amintacce mai adireshi tsayayye kuma a rubuta wa ya ba da nawa tun ranar farko, na ga zumuncin shekara ashirin ya lalace a kan dala ɗari biyar ta beli da aka ce an bayar aka ce ba a bayar ba. Na biyu, mai gabatar da ƙara na iya neman a binciki asalin kuɗin, musamman in ƙarar ta shafi ƙwaya ko zamba, a kira wanda ya biya ya rantse ya yi bayani. Kuɗin adashi da ke cikin ambulan ba takarda, halak ne amma nuna hakan a gaban alƙali aiki ne, gara kowa ya turo ta banki a ga sawunsa.

Hanya ta uku: kashi goma a kotu

Wannan ita ce wadda abokina ya tsallake, kuma yawancin mutanenmu ba su ma san da ita ba. Kana ajiye kashi goma na belin a hannun kotu, ka sa hannu cewa in ya gudu zaka cika sauran. In an gama lafiya ajiyarka ta dawo, wasu jihohin suna riƙe ɗan wani abu a ciki na hidima. A New York doka ta tilasta wa alƙali in zai yanka beli ya ba da aƙalla hanya uku, kuma dole ɗaya daga ciki ta zama irin wannan ko wadda ba a ajiye komai ma sai sa hannu. Sai dai alƙalai na yawan ɗaga adadin wannan sama da na kuɗi a hannu, shi ya sa ka ga 10,000 a can 20,000 a nan.

Wahalarta takardu ne. Wanda zai tsaya sai ya zo kotu da katin shaida da shaidar samun kuɗi, takardar albashi ko ta haraji, alƙali ya duba ya gamsu, kuma sai a lokacin aikin kotu, ba abin da zaka yi ƙarfe biyu na dare bane. Wanda aikinsa duk kuɗi a hannu ake biyansa kuma bai cika takardar haraji ba zai sha wuya a nan. Haɗarinta kuwa daidai yake da na kamfani, in yaro ya cika wandonsa da iska kai ake bi cikon 18,000. Kuma ba kowace jiha ke da ita ba, ka tambayi lauya kai tsaye ko akwai.

Hanya ta huɗu: kamfanin beli

Yadda take shi ne kamfani zai rubuta wa kotu takardar lamuni cewa in mutumin bai zo ba su za su biya, ba kuɗi suke kaiwa ba, takarda ce da inshora ke baya. Kai kuma ka biya su la'ada, yawanci kashi goma cikin ɗari, kuma wannan la'adar ba ta dawowa ko gobe da safe aka ce kuskure aka yi ba shi bane. A Florida kashi 10 ne a ƙarar jiha, 15 a ta tarayya. A New York doka ta yanka iyaka, kashi 10 a 3,000 ta farko, kashi 8 daga nan zuwa 10,000, kashi 6 a abin da ya haura, wato belin 10,000 bai wuce dala 860 ba, na 20,000 kuma 1,460, duk wanda ya ƙara maka wani kuɗin takarda ko kuɗin ɗan aike a kai ya karya doka. Babbar kotun jihar ma ta yanke a 2017 cewa in an biya la'ada amma alƙali ya ƙi amincewa da belin mutum bai fito ba, dole kamfani ya maido.

Gaskiya sai a faɗa, suna da amfaninsu. Dare da rana a buɗe suke, sun san hanyar gidan yari sun san takardun, kuma in beli ya kai 50,000 ko 100,000 talaka ba shi da wata ƙofa sai su. Da yawa suna yarda ka biya la'adar kaɗan-kaɗan, ka ba da wani abu yau sauran wata-wata. Amma ka lura, bashin nan na nan ko an kori ƙara, mutane na shekara suna biyan la'adar shari'ar da ta mutu tuntuni.

Inda gizo ke saƙar shi ne takardar da kake sa wa hannu. Kai ne mai lamuni, in ya ƙi zuwa kotu kai zaka biya belin duka, da kuɗin waɗanda suka fita nemansa, da kuɗin lauyansu. Za su nemi jingina, kuɗi ko takardar mota ko gida ko gwal ɗin matarka, kuma mu baƙi sun fi tsananta mana don sun san muna da fasfo da ƙasar komawa. A yawancin jihohi suna da ikon kamo shi da kansu ta hannun mafarautan da suke haya, ikon da ya samo asali tun wani hukuncin Kotun Ƙoli na 1872, kuma suna iya maida shi gidan yari su zare hannunsu in suka ga alamar zai gudu ko ya saɓa sharaɗinsu, la'adarka kuma ta tafi. Wasu suna sa shi zuwa ofis duk mako ko su ɗaura masa na'ura a ƙafa ku riƙa biyan haya. Akwai kuma masu sake cajin la'ada in shari'a ta haura shekara, Kalifoniya ta hana wannan daga Janairun 2022, amma a wasu wuraren sai ka duba takardarka da kyau.

Abin da ya fi kayar da mutanenmu ba gudu da gangan bane. Tsohuwa ce ba lafiya a Yamai ko Tamale, ko rasuwa aka yi, ko kujerar Umara ta faɗo, mutum ya ce sati biyu ne zan je in dawo, ranar kotu ta wuce, alƙali ya ba da waranti, belin ya faɗi, kuma wataƙila ma ba za a bar shi ya shigo ƙasar ba. Shi yana can cikin dangi, kai da ka sa hannu ka ɗau Dala ba gammo. Kafin ka tsaya wa mutum ka zauna da shi ka ce masa ba tafiya ko'ina sai da izinin kotu a rubuce, in ka san halinsa ba zai iya ba, kunyar rana ɗaya ta fi sauƙi.

In dai kamfanin za a bi, ka duba lasisinsa a hukumar da ke kula da su, a New York sashen harkokin kuɗi na jiha ne, a Kalifoniya sashen inshora, a manyan ƙananan hukumomin Texas akwai kwamitin beli. Ka buga wa biyu ko uku ka ji bakinsu a kan jingina, don a nan ne ake ciniki. Ka karɓi rasit na kowane sisi da kwafin duk abin da ka sa wa hannu, a rubuta yaushe jingina za ta dawo. Wanda ya bugo maka da kansa ya ce ka sayi katin kyauta ko ka tura ta manhajar tura kuɗi ta Zelle yanzu-yanzu, kashe wayar ka buga gidan yarin da kanka.

Ta ɓangaren addini kuwa, mafi yawan malaman fiƙihu, har da na Malikiyya da muka taso a kai, sun tafi a kan cewa lamuni don Allah ake yinsa ba a karɓar lada a kai. Hukuncin mai biya bisa lalura daban ne da na mai karɓa, wanda abin ya dame shi ya tambayi malaminsa, amma ko wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya fara gwada sauran hanyoyin.

Jinginar gida da asusun taimako

Gida ba zan daɗe a kai ba. Kotu na karɓar gida a madadin kuɗi, amma a New York da Kalifoniya sai darajar rabonka a gidan ta ninka belin sau biyu, ga kimantawa ga binciken takardu, makonni ake yi, kuma gidan da ke Kano ko Agadas ba ya shiga lissafi. Sai belin ya yi girma ƙwarai ake zuwa nan.

Asusun taimako kuwa ƙungiyoyi ne da ke biya wa marasa ƙarfi kyauta, in shari'a ta ƙare kuɗin ya dawo musu su fitar da wani. The Bail Project na aiki a birane da dama, akwai kuma Believers Bail Out ta Musulmi da ta faro a Chicago a 2018 tana amfani da zakka. Ba ka biyan komai ba ka sa hannu a komai, sai dai ƙananan beli suke iyawa, a New York doka ta tsaida su a dala 2,000 a ƙananan laifuka, kuma akwai layi. Lauyan kyauta ne ya fi sanin wadda ke aiki a garinku. Kar kuma a ce ƙaramin beli ba komai bane, Kalief Browder ɗan shekara 16 aka kama shi a Bronx a 2010 bisa zargin satar jaka, aka yanka 3,000 iyalinsa ba su da ita, ya ƙare da shekara uku a gidan yarin Rikers ba a taɓa yanke masa hukunci ba.

Ga su a jere, a ɗauka belin dala 10,000 ne a kowace hanya:

| Hanya | Abin fitarwa yau | Abin da ke dawowa | Sauri | Abin da ke kanka in ya gudu |
|---|---|---|---|---|
| Jiran alƙali da lauya | babu | babu abin bi | kwana 1 zuwa 3, ba tabbas | babu |
| Biya duka a kotu | 10,000 | duka ko kusan duka | awanni | 10,000 da ka ajiye |
| Kashi goma a kotu | 1,000 | duka ko kusan duka | sai kotu na zaune | 1,000 da cikon 9,000 |
| Kamfanin beli | wajen 1,000 da jingina | jingina kawai | awanni, dare da rana | 10,000 da kuɗin nemansa |
| Jinginar gida | kuɗin takardu | gidanka | makonni | gidan |
| Asusun taimako | babu | ba naka bane | ya danganta da layi | babu |

In ba shi da takardu

Duk lissafin da na yi a sama na iya juyewa a nan. In mutum ba shi da takardun zama ko bizarsa ta ƙare, hukumar imigireshan da ake kira ICE na iya aika wa gidan yarin takardar a riƙe musu shi har awa 48 bayan lokacin sakinsa. Birnin New York ba ya cika ba su haɗin kai sai a wasu laifuka, amma a Texas da Florida doka ce ta tilasta wa gidajen yari su miƙa. Kaga kenan zaka iya biyan la'ada da dare, da safe a fito da shi ta ƙofar baya a sa a motar imigireshan, an gudu ba a tsira ba, kuɗi sun tafi, kuma in ranar kotunsa ta zo yana tsare a wata jiha belin ma na iya shiga rigima. Tun da aka sa hannu a dokar Laken Riley a Janairun 2025, wanda ya shigo ba bisa ƙa'ida ba aka kama shi da zargin sata ko da ta kanti ce, tsarewa ce ba beli a ɓangaren imigireshan. Saboda haka tambaya ta farko ga lauya ita ce akwai takardar ICE a kansa ko babu, kafin a taɓa ko dala ɗaya. Mai girin kad, wato katin zama na dindindin, shi ma kar ya yi saurin amsa ƙaramin laifi don kawai ya fito yau, wani laifin da ake gani ƙarami shi ke jawo kora, kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2010 wajibi ne lauyansa ya gaya masa wannan.

Belin imigireshan kansa wani abu ne daban, mafi ƙarancinsa dala 1,500, ana biya duka, kuma wanda zai biya sai ɗan ƙasa ko mai girin kad ko ofishin lauya ko ƙungiyar agaji. Nan ma akwai kamfanoni kuma sun fi tsada, ɗaya daga ciki mai suna Libre by Nexus da ya riƙa cajin baƙi dala 420 duk wata kuɗin na'urar ƙafa, kotun tarayya ta ci shi sama da dala miliyan 811 a 2024.

Toh wa ya dace da wacce?

In laifin ƙarami ne kuma karon farko ne, mutum na da aiki da adireshi, a daure a jira alƙali, sau da yawa ba a ma kaiwa ga maganar kuɗi. In an yanka belin da ku da jama'arku za ku iya haɗawa ba tare da an taɓa kuɗin haya da na makarantar yara ba, a biya kotu kai tsaye a adana rasit kamar fasfo. In kuɗin ya fi ƙarfinku amma akwai mai takardar albashi a cikinku kuma kun yarda da yaron, ku tambayi kashi goma na kotu kafin ku taka shagon kowa. In ba ku da ko sisi kuma belin bai da yawa, lauya ya haɗa ku da asusun taimako.

Kamfani na wanda belinsa ya yi nauyi ne, a jihar da ba ta da tsarin kashi goma, ko wanda in bai fito kafin Litinin ba aikin da ya fi la'adar daraja zai tafi, ko mara lafiyar da zaman ciki zai illata shi, kuma akwai mutum ɗaya da ya karanta takardar ya yarda ya ɗauki nauyin da idonsa a buɗe. In kuwa wanda aka kama ya taɓa tsallake kotu ko kullum maganarsa ita ce komawa gida, ka taimaka da kuɗin lauya ko ka sa abin da zaka iya yafewa a karo-karo, amma sunanka kar ya hau takardar lamuni. Mara takardu kuma, lauyan da ya san imigireshan tukuna, beli daga baya.